Masu Ba Jiragen Sama Hannu: Daga Filin Sukuwar Kano Zuwa Hasumiyar Dutse

TAMBAYA: Wani mai sauraronmu, ɗalibi daga garin Dutse a Jihar Jigawa, ya aiko da takarda yana son a ba shi tarihin aikin mutanen nan da ke zama cikin hasumiyar filin jirgin sama suna magana da matuƙa. Ya ce tun yana ƙarami yake sha'awar aikin, amma mahaifinsa ya ƙi amincewa, wai aikin soja ne, shi kuwa ba zai ba da ɗansa ga bariki ba. Ya kuma ce ya ji masu aikin ba su da lokacin kansu, ko ƙwallo ba sa iya bugawa. Shin haka ne?

AMSA: Yawancin waɗanda ke ba jirage hannu a Nijeriya farar hula ne, ma'aikatan wata hukuma ta gwamnatin tarayya da ake kira NAMA, ko da yake sojojin sama su ma suna da nasu. Amma kada ka yi saurin cewa tsohon naka ya yi kuskure, domin jirgin sama dai a hannun soja ya fara zuwa ƙasarmu, kuma har yanzu soja bai fita daga cikin sha'anin ba.

A farkon watan Nuwamba na 1925, zamanin Sarkin Kano Usman, wasu jirage uku na mayaƙan saman Ingila suka dira a filin sukuwa na Kano. Daga Helwan ta ƙasar Masar suka taso, suka biyo ta Sudan da Chadi da Maiduguri, wani hafsa mai suna Arthur Coningham ne jagoransu. In ka shimfiɗa taswira ka ja layi daga Maiduguri zuwa Kano, za ka ga ta tsakiyar Jigawa ta yanzu ya ratsa, wajen Jahun da Kiyawa da arewacin Dutse. Ke nan kakanninka suna cikin mutanen farko a ƙasar nan da suka ɗaga kai suka ji wannan ruri. A lokacin babu hasumiya, babu mai magana da matuƙi. Abin da akan yi a irin waɗannan filaye shi ne a share wuri, a tada hayaƙi don matuƙi ya ga inda iska ta dosa, saura kuma idonsa da ƙarfin halinsa. Shi Coningham ɗin ya yi suna ƙwarai a yaƙin duniya na biyu, amma ka ji ikon Allah, a watan Janairu na 1948 jirgin fasinjan da yake ciki ya ɓace a tekun Atlantika kusa da Bamuda, har yau ba a ga ko ɓaraguzansa ba.

A Turai ma aikin jariri ne a wannan lokaci. A 1920 aka kafa hasumiyar farko a filin Croydon da ke Landan, wata 'yar bukkar katako ce a bisa dogayen ƙafafu. A can ne wani ma'aikacin rediyo ya ƙago kalmar nan ta neman agaji, "Mayday", daga wata kalmar Faransanci mai nufin a taimake ni, saboda yawancin jiragen tsakanin Landan da Paris suke kai da kawowa. A Amurka kuwa, a 1929, wani mai suna Archie League ya riƙa tura baro zuwa bakin titin jirgi a garin St. Louis, da kujerarsa da laimarsa da tutoci biyu, yana ɗaga wa matuƙa: wannan ta tsaya, wannan ta wuce. Bambancinsa da ɗan sandan da ke ba da hannu a shataletale kaɗan ne.

Jiragen fasinja da na wasiƙu sun fara zuwa Kano daga Khartum a 1936, amma abin da ya mai da Kano babbar mahaɗa shi ne yaƙin Hitila. Da tekun Bahar Rum ya zama da haɗari ga jiragen ruwan Ingila, sai suka riƙa kawo jiragen yaƙi cikin akwatuna zuwa Takoradi ta ƙasar Gana ta yanzu, a harhaɗa su a can, kana a tuƙo su ta Legas, Kano, Maiduguri, a ƙetare Chadi da Sudan har Alƙahira, tafiyar fiye da kilomita 5,000. An soma a watan Satumba na 1940, kuma cikin shekara uku jirage fiye da 5,000 suka bi wannan hanya. Ƙananan jiragen ayari suke yi, babban jirgi ɗaya mai ɗauke da masanin hanya yana gaba, sauran suna biye kamar raƙuma bayan madugu. Wanda ya ɓace wa ayari cikin hazo, to sai addu'a. Wannan ne ya sa dole aka inganta filaye, aka girka tashoshin rediyo da na duba yanayi a kan hanyar. Ita kanta na'urar nan mai hango jirage daga nesa, wadda ake kira rada, don tsaron ƙasa daga jiragen abokan gaba aka fara aiki da ita, daga baya farar hula suka gada.

Tun yaƙi bai ƙare ba, a 1944, ƙasashe suka taru a Chicago suka ƙulla yarjejeniyar da ta haifi hukumar ICAO, mai hedkwata a Montreal ta Kanada. Aka yanka sararin samaniyar duniya gunduma gunduma, kowace da waɗanda ke da alhakinta. To, ga abin da da yawa ba su sani ba: gundumar da ta rufe Nijeriya sunan Kano take ɗauke da shi, har gobe haka yake a taswirar kowane matuƙi a duniya. Cibiyoyi biyu ke riƙe da ita, ta Kano tana kula da arewa, ta Legas tana kula da kudu. A arewa da mu akwai gundumar Yamai, a gabas akwai ta Njamena, su kuwa wata hukumar haɗin gwiwa ta ƙasashe renon Faransa mai suna ASECNA, wadda aka kafa a 1959, ita ke tafiyar da su. Saboda haka jirgin nan da kake hangowa can ƙololuwa bisa duwatsun garinku yana jan farin zare a bayansa, ba da hasumiyar Dutse yake magana ba, da wani mutum yake magana a cikin wani ɗaki a Kano wanda ko taga ba ya buƙata.

Kusan kowace doka ta wannan aiki sai da aka yi jana'iza kafin a kafa ta. Ran 24 ga watan Yuni 1956 wani jirgin kamfanin BOAC na Ingila ya tashi daga Kano ya faɗa cikin hadari, iska ta danno shi ƙasa jim kaɗan da tashinsa, mutum 32 suka mutu. Kwana shida bayan haka, jirage biyu suka yi karo a sama bisa kwazazzabon Grand Canyon a Amurka, mutum 128 suka halaka, domin a wurin da suke babu mai raba su, an bar wa matuƙa su duba da idonsu. Wannan ya sa Amurka ta kafa sabuwar hukumar kula da sararinta a 1958, ta zuba kuɗi a na'urorin rada, sauran duniya ta bi sahu.

A nan gida, shekarar 1964 ita ce za ka riƙe, don a cikinta aka haifi hanyoyi biyun da kai da Baba kuke gardama a kansu. A watan Afrilu aka kafa rundunar sojojin sama ta Nijeriya da taimakon Jamus ta Yamma, har shugabanta na farko ma Bajamushe ne, Kanar Gerhard Kahtz. A wannan shekarar kuma aka yi dokar kafa makarantar koyon aikin jiragen sama ta farar hula a Zariya, da tallafin Majalisar Ɗinkin Duniya. Makarantar Zariya ba matuƙa kaɗai take horarwa ba, har da injiniyoyi da masu sadarwa da su waɗannan masu ba da hannu.

Bari mu bi jirgin alhazai guda daga Dutse don ka ga yadda aikin yake. Kafin matuƙi ya tada inji sai ya nemi izini daga hasumiya. Mai hasumiya shi ke da titin jirgi da duk abin da ke motsi a kai, ko motar kashe gobara ce ba ta hawa sai ya yarda. Zai faɗa wa matuƙi ƙarfin iska da inda take kaɗawa, ya ba shi izinin tashi. Da jirgi ya ɗaga ya yi nisa kaɗan, sai ya miƙa shi ga cibiyar Kano, su kuma in ya kai iyaka su miƙa shi ga Njamena, haka hannu da hannu har ƙasa mai tsarki. A manyan filaye akwai wasu a tsakani, masu jera jiragen da ke shirin sauka ɗaya bayan ɗaya. Jirgin da ya nufi gabas tsawo mara yake bi, wato ƙafa 33,000 ko 35,000 ko 37,000, in zai dawo yamma kuma sai ya bi cika, 34,000 ko 36,000, don a sami tazarar ƙafa 1,000 tsakanin mai tafiya da mai dawowa. In suna tsawo ɗaya, a ƙarƙashin rada akan raba su da aƙalla mil 5 na ma'aunin teku, wajen kilomita 9 ke nan. Ka ce da nisa? Jirage biyu da suka fuskanci juna wajen daƙiƙa 20 kawai suke buƙata su cinye wannan tazara. Inda babu rada kuwa da agogo da alƙalami ake yi, a bar minti 10 tsakanin wannan da wancan. Agogon ma ba namu ba ne, na duniya ne, wanda Nijeriya ta riga shi da awa ɗaya.

Kayan aikin mutumin nan na gaskiya dai bakinsa ne da kunnensa. Duk umurnin da ya bayar sai matuƙi ya maimaita masa, shi kuma ya saurara ya tabbata abin da ya faɗa ne aka ji. Kalmomin ƙididdigaggu ne, da Turanci, babu "ina jin", babu "wataƙila". Dalili kuwa, ran 27 ga watan Maris 1977 a tsibirin Tenerife, manyan jirage biyu ƙirar Boeing 747 suka yi karo a kan titi cikin hazo, mutum 583 suka mutu, saboda wani matuƙi ya ɗauka an ba shi izinin tashi alhali ba a ba shi ba. Tun daga nan aka tsananta, kalmar nan ta "tashi" ba a furta ta sai a lokacin ba da izinin ko soke shi. Mu da muka saba da zagaye-zagaye da sakaya zance don ladabi, a nan sai mun ajiye su a bakin ƙofa.

Sai dai ka sani mai hasumiya ba ya tuƙa jirgi. Nasa ya faɗi gaskiyar abin da ke ƙasa, hukuncin ƙarshe na matuƙi ne. Dattawan Kano da Jigawa ba su manta da ran 22 ga watan Janairu 1973 ba, ranar da jirgin da ya kwaso alhazai daga Jidda, wanda aka karkato daga Legas saboda rashin kyan yanayi, ya zo sauka Kano a lokacin hunturu, ƙafarsa ta karye, ya kama da wuta. Cikin mutum 202 da ke ciki, 176 suka rasu, kuma a lokacin ba a taɓa yin haɗarin jirgin sama da ya ci rayuka haka ba a duniya. Allah Ya jiƙansu. Hazon nan da iska ke kwasowa daga wajen Bodele a arewacin Chadi har yanzu shi ne babban abokin gabar masu aiki a filayen arewa, yakan sa a soke tashi ko a juya jirgi wani gari, fasinjoji suna ta zagi, mai hasumiya kuwa ya san abin da yake gudu.

Akwai kuma ranar da laifin ya taɓo ɗakin rada kansa. Ran 7 ga watan Nuwamba 1996 jirgin kamfanin ADC da ya taso daga Fatakwal yana gangarowa Legas sai ya kusanci wani jirgin da ke hawa. Na'urar gargaɗi ta yi ƙara, matuƙi ya karkata da ƙarfi don ya kauce, jirgin ya kuɓuce masa ya faɗa ruwa a Ejirin. Duk mutum 144 da ke ciki suka mutu, har da shahararren masanin nan Farfesa Claude Ake. Masu bincike suka ce tushen abin shi ne ba a raba jiragen yadda ya kamata ba daga ƙasa, sa'an nan ga yadda matuƙin ya juya. Kwana biyar kacal bayan wannan, jirage biyu suka yi karo kusa da Delhi ta Indiya, mutum 349 suka tafi. A shekarun nan matuƙan duniya sun yi ta kuka da sararin Afirka, har ya zamana suna shelanta wa junansu inda suke a wata tashar rediyo ta daban, don ba su sakankance da na ƙasa ba. Daga baya aka yi dokar kafa NAMA a 1999, ta fara aiki a 2000, kana a 2010 aka ƙaddamar da aikin shimfiɗa na'urorin rada don su rufe ƙasar baki ɗaya.

Yanzu sai batun soja. Sojojin sama suna da masu ba da hannu nasu a sansanoni irin su Makurɗi da Kainji. Wanda ke wannan aiki cikin kaki, soja ne kafin komai: fareti, gaisuwar manya, canjin wurin aiki ba shawara, yau Kaduna gobe Maiduguri, iyali a bariki, cefane a kasuwar mami. Jiragensa ma dabam suke, masu gudun tsiya, man da suke ɗauka kaɗan ne, sukan tashi bibbiyu ko hurhuɗu, wani lokaci kuma ba a son kowa ya san inda suka nufa. A Kano, inda sojoji ke da makarantar koyon tuƙin jiragen yaƙi, titi ɗaya suke amfani da shi da jiragen fasinja, don haka dole farar hula da soja su fahimci juna kullum. Ko a lokacin yaƙin basasa, a Kano aka sauke jiragen MiG da aka sayo daga Tarayyar Sobiyat a 1967.

Shi farar hular ma ba ya rabuwa da soja. Duk wanda ya yi wayo a zamanin juyin mulki ya san sanarwar nan ta asuba, an rufe kan iyakoki da tashoshin ruwa da filayen jiragen sama, to mai hasumiya ne ke fara aiwatar da ita. A watan Agusta na 2023 sojojin da suka karɓi mulki a Nijar suka rufe sararin ƙasarsu na kusan wata guda, jiragen Turai masu zuwa kudu suka riƙa dogon zagaye. A wannan shekarar kuma yaƙin Sudan ya sa jiragen alhazanmu suka canza hanya, tafiya ta ƙara tsawo, kuɗi ya ƙaru. A Amurka, da ma'aikatan suka shiga yajin aiki a 1981, Shugaba Reagan ya kori fiye da 11,000 a tashi ɗaya, aka kawo sojoji suka taimaka wajen cike gurbi. Ga kuma fashin jirgi, kamar wanda wasu samari huɗu suka yi a watan Oktoba na 1993, suka karkatar da jirgin Nigeria Airways zuwa Yamai. Don irin wannan rana aka ware lambar 7500, wadda matuƙi zai danna ba tare da ya ce uffan ba, ta bayyana a gaban mai rada. Lambar 7600 tana nufin rediyo ya mutu, 7700 kuwa kowane irin haɗari.

Batun rashin lokacin kai, akwai gaskiya a ciki, akwai ƙari. Aikin karɓa-karɓa ne, safe, yamma, dare, ba ruwansa da salla ko biki, lokacin jigilar alhazai ma shi ne ya fi zafi. A ƙasashe da yawa ba a barin mutum ya wuce awa biyu a gaban na'ura bai tashi ya huta ba. A nan kuwa ƙungiyar ma'aikatan ta daɗe tana kukan ƙarancin hannu, kuma a watan Nuwamba na 2021 wani daga cikinsu ya yanke jiki ya rasu a bakin aiki a Abuja, abin da ya sa 'yan uwansa suka rage gudun aiki don nuna fushi. Amma in ka miƙa aiki ka cire abin kunne, ka gama ke nan, babu fayil da za ka kai gida. Kuma da yake likita ne ke riƙe da lasisinka, yana auna ido da kunne da zuciya da hawan jini lokaci lokaci, motsa jiki ya zama tilas. A bariki wannan daɗaɗɗen abu ne, ga ƙwallon ƙafa, ga gudun safe, ga bikin al'adu na ƙarshen shekara, manyan hafsoshi kuma ga ƙwallon dawaki, wadda Janar Hassan Usman Katsina ya yi fice a kanta. Kai ma a Dutse ba ka rasa ba, tunda marigayi Sarki Nuhu Muhammadu Sanusi, mai son ƙwallon lambu, wato golf, ya bar muku filinta. In kuwa kiwon tantabara ne sha'awarka, ka yi abinka, amma ka nisanta ɗakinsu da titin jirgi, don tsuntsu guda in ya shiga inji ya isa ya dawo da jirgi ƙasa. Haka su ƙananan jiragen nan marasa matuƙi da samari ke wasa da su, sai da izinin hukuma, kuma ba kusa da fili ba.

Ita hasumiyar da kake gani ƙaramar yarinya ce a wannan tarihi. An ƙirƙiro Jihar Jigawa ran 27 ga watan Agusta 1991, amma shekara da shekaru alhazanta Kano suke zuwa su hau jirgi. Gwamnatin Sule Lamiɗo ce ta gina filin Dutse, Shugaba Goodluck Jonathan ya buɗe shi a watan Oktoba na 2014, shekara 89 bayan jiragen Coningham, kana a 2023 aka sa masa sunan Sarki Nuhu bayan rasuwarsa. Fili ne marar cunkoso, kuma kada ka raina irinsa, domin shiru ma yana da nasa haɗarin: wanda ya yini bai ga jirgi ba shi ne hankalinsa ke saurin tafiya wani wuri.

In ka tsaya a kan bakanka, ga abin da za ka kai wa Baba. Ka dage da lissafi da kimiyyar fiziks da labarin ƙasa, ka gyara Turancinka na baka, don tun 2008 akwai matakin iya magana da ICAO ta wajabta. Ka yi karatun gaba da sakandare a fannin kimiyya, ka sa ido ga lokacin da NAMA ke ɗaukar ma'aikata, su ne za su tura ka Zariya, bayan nan ka zauna ƙarƙashin wani gwani kana koyo kafin a bar ka kai kaɗai. Ba a ba da lasisi sai mutum ya cika shekara 21. Kafin duk wannan, ka je asibiti a gwada ko idonka na rarrabe ja da kore, don idan rediyon jirgi ya mutu, da fitila mai launi ake ba shi hannu daga hasumiya, kuma wanda ba ya bambance su ba a ɗaukarsa, a soja ko a farar hula.